Agogon da Auta Ta Aiko

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ni da mahaifiyarki muna gaishe ki, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan ƙalau muke, alhamdu lillahi.

Saƙonki ya iso, direba ya kawo mini har shago. Na buɗe kwali, na tarar da wani kwalin, can ƙasa sai ga agogo. Auta, shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo, ban taɓa ganin wanda ba hannu, ba ƙara, kuma kullum sai an ba shi wuta kamar jariri da nono ba. Na juya bayansa in buɗe, ko ƙusa ɗaya babu. Wato ranar da ya lalace sai dai a yi masa addu'a.

Kin ce zai riƙa ƙirga takuna da bugun zuciyata yana aika miki a waya. Madalla. Da mahaifiyarki kaɗai ke sa mini ido, yanzu kun zama ku uku.

Jiya rediyon shago ya ce an ƙera firji mai gaya wa mutum madara ta ƙare. Namu ma yana faɗa, in ka buɗe ƙofarsa. Sun ce an fito da waya mai ninkewa, har da taro da tafi. Walat ɗina shekara ashirin yana ninkewa, ba wanda ya kira 'yan jarida. Ga kuma attajiran da za su ƙaura zuwa wata duniyar. Tela maƙwabcina ya ce a tambaye su ko can ana rage tsawon wando, ya bi su.

Yaya na'urar ofishinku mai amsa kowace tambaya? Har yanzu ke kike gyara mata ƙaryarta? Ki gaishe ta.

Na gode, Allah ya yi miki albarka. Ki ci gaba da ba ni amsa a takarda, ita nake iya sawa a aljihun riga.

Mahaifinki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, a gaishe mini da Umma.

Sau uku na karanta wasiƙarka, ina ta dariya ni kaɗai. Amma ka yi haƙuri, ina da tambaya. Agogon ya ce ranar Litinin ka yi taku dubu talatin da biyu, Talata dubu talatin da biyar. Daga gida zuwa shago taku ɗari huɗu ne, na sha ƙirgawa ina 'yar makaranta. Ya ce duk tafiyar nan a wuri ɗaya ka yi ta, ko kamu ɗaya ba ka gusa ba. Har ya taya ka murna, wai zuciyarka ta ɗan shekara talatin ce.

Baba, a ƙafar wa agogon yake?

Na kira Umma, ta ce, "Ki tambayi babanki," ta yi shiru. Ka san Umma ba ta shiru a banza. Da na matsa mata sai ta ce ta saya maka kofi mai murfi, ta kashe wayar. Me ya sami kofinka na shayi?

Ofis lafiya lau.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta.

*

Auta,

Bayan sallama, kin kama ni. A ƙafar Tela yake, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa yaba wa zuciyarsa ba, yanzu har wani ɗaga kai yake yi a layi.

Ga gaskiya. Wata biyar ke nan hannuna na dama yana rawa. Da farko sai da safe, yanzu yini yake yi. Shayi yana zuba, wannan ba komai. Abin da ya dame ni shi ne aiki. In ɗauko ƙusa da ɗan hantsaki, kafin in kai ta raminta ta yi tsalle, in durƙusa ƙarƙashin tebur ina lalube da maganaɗisu. Masu kawo gyara ina ce musu kayan ne ba su zo ba. Ranar da na ɗaura agogonki, ban yi awa ɗaya ba ya rubuto wai, "Kana gudu ne?" Ina zaune a kan kujera. Na ce wannan ɗan gulma zai kai ƙarata wurin Auta kafin la'asar, na miƙa wa Tela.

Ban je asibiti ba. Tsoro nake likita ya ce in rufe shago.

To, na faɗi tawa, saura taki. Shekara uku kina rubuto mini a takardar ofis mai tambari, wannan karon daga littafi kika yago. Mahaifiyarki ta ce da hantsi kika kira ta, ranar aiki, ke da ba kya ɗaga waya sai an tashi. Kuma duk surutunki, labarin ofis kalma uku ya samu. Makon jiya rediyo ya ce kamfanoni suna "rage nauyi" saboda ƙirƙirarriyar basira. Na daɗe ban ji an kira mutum mai iyali nauyi da murya mai daɗi haka ba.

Ki gaya mini, ni babanki ne.

*

Baba,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka. Na yi kuka da na karanta, sannan na yi dariya, sannan na sake yin kuka.

Mako shida ke nan. Mu ashirin da bakwai ne a ɗakin, aikinmu mu karanta amsoshin na'urar mu nuna mata inda ta yi shirme. Shekara uku muna koya mata ladabi. Ran nan da safe muka buɗe kwamfuta muka tarar da takardar sallama, wai kamfani yana "shiga sabon zamani". Ta yi kyau ƙwarai, Baba, ta gode mana har sau huɗu. Na gane mai rubutun tun layin farko, domin ni na koya mata yadda ake ba mutum haƙuri. Manaja bai ko leƙo ba. Mai shara ce ta taya ni sauko da kwalina, tana cewa, "Ki yi haƙuri 'yar nan, ni ma an ce an sayo injin da zai gaje ni, sai dai bai iya hawa bene ba."

Kullum da safe ina shiri in fita, in zauna a ɗakin karatu ina cike takardun neman aiki. Su ma na'ura ce ke karantawa, tana ƙin ɗaukata cikin minti biyu, da fatan alheri.

Kunya ce ta hana ni faɗa. Kai ka tsaya na yi karatun nan, kana gaya wa duk layin 'yarka tana koya wa inji magana.

Zan zo ranar Asabar. Litinin mu je asibiti, kuma ba shawara nake kawowa ba. Na karanta cewa rawar hannu iri-iri ce, wata tana lafawa da magani. Mu ji daga bakin likita.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na yarda da Litinin. Kunya kuma ki bar ta can, ba mu da wurin ajiye ta. Mahaifiyarki ta riga ta fitar da tarkacenta daga ɗakinki.

Akwai wata tsohuwa da ta kawo agogon mijinta marigayi. Na warware shi, na kasa mayarwa, wata biyu yana cikin aljihun tebur. Duk Laraba sai ta zo, ta zauna, ta ce ba ta sauri. Yau na gaya mata gaskiya, na ce 'yata tana tafe, hannunta ba ya rawa. Ni zan faɗi inda kowace ƙusa take, ke ki sa.

Ki yanke farce kafin ki taho.

Mahaifinki.