Rasuwar Cleophus Tarver, Mai Jifan Toledo

Cikin alhini da ɗacin zuciya ne Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Gasar Tabkuna ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu, jagoranmu a fili kuma tsohon shugabanmu mai daraja, Dattijo Cleophus Tarver, wanda ya cika ranar Talata a gidansa da ke Toledo, jihar Ohio, bayan doguwar jinya, yana da shekara sittin da ɗaya a duniya.

Marigayin na cikin samarin da suka amsa kira a shekarar 1959, lokacin da aka kafa Gasar Tabkuna domin ta ja da Gasar Tarayya a fagen ƙwallon zari-ruga irin na Amurka na ƙwararru. A wancan zamani Gasar Tarayya ba ta yarda baƙar fata ya riƙe matsayin mai jifa, wato wanda ke tsara hari yana ba sauran umarni. Ƙungiyar Toledo ta danƙa masa wannan matsayi duk da shi baƙar fata ne, manyan jaridu suka yi ta mana dariya suna kiranmu gasar korarru, shi kuwa ya ɗaga kofi har sau biyu a gaban ma'aikatan masana'antar gilashi, waɗanda ke cika filinmu kowace Lahadi ko da ƙanƙara ake zubawa.

Da 'yan kallo suka fara karkatowa wajenmu, sai manyan Gasar Tarayya suka nemi sulhu. A shekarar 1967 masu ƙungiyoyin ɓangarorin biyu suka kulle kansu a wani otal a Chicago, babu ɗan wasa ko ɗaya a ɗakin, suka fito da abin da suka kira haɗewa. Mu dai haɗiya muka gani. An ɗauki ƙungiyoyi huɗu, an rushe sauran har da Toledo, aka kuma yanke cewa duk abin da aka ci a gasarmu ba ya cikin tarihi.

A ƙungiyar da aka tura marigayin, mai horarwa ya faɗa masa a gaban kowa cewa jifa aikin masu kai ne, shi ya koma gefe ya riƙa gudu yana cafe ƙwallo. Marigayin ya cire hular kwanonsa ya ajiye a ƙasa, ya ce: "Yallaɓai, da kaina na zo, kuma da shi zan koma gida." Bai sake sa rigar wasa ba. Motar 'yan makaranta ya yi ta tuƙawa har ciwo ya kwantar da shi. A shekarun da ya shugabance mu ya bi asibitoci yana duba 'yan'uwanmu da wasa ya lalata wa gwiwa da ƙwaƙwalwa, ya kuma sha zuwa ofishin Gasar Tarayya yana roƙon a maido da sunayenmu cikin tarihi, ana barinsa zaune a ɗakin jira.

Muna sanar da jama'a cewa jiya ofishin nan ya bugo waya, yana neman izinin yi wa marigayin shiru na minti ɗaya kafin wasan Lahadi. Maiɗakinsa, Uwargida Odessa Tarver, ta amsa musu da kanta: "Shirun da kuka yi masa yana raye ya ishe shi. Ku buga ƙwallonku." Ƙungiyarmu na tare da ita a kan wannan.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Odessa, da 'yarsu Lorraine, da jikoki, da ɗaukacin mutanen Toledo, muna roƙon Ubangiji Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya kuma ba bawansa hutun da bai samu a wajen mutane ba. Za a yi jana'iza ranar Asabar a cocin unguwarsu. Waɗanda gwiwarsu ke iya ɗauka a cikinmu su ne za su ɗauki akwatin gawar.

Wendell Prokop
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Gasar Tabkuna
Toledo, Ohio