Furar da Ummaru bai sha ba

Tambuwal, daren Talata, shekara ta fuɗu da samun mulkin kai.

Na daɗe ina jin wai ɗan jami'a ba ya shan ruwan gidansu. Na ɗauka hassada ce ta waɗanda 'ya'yansu ba su wuce elemantare ba.

Yau na kai ɗana Ummaru garin Kebbe ya gaida kakarsa. Inna ta dama fura da hannunta, ta miƙa mishi ƙwarya tana zolaya: "Ungo, angona, ka rame."

Ya leƙa ciki ya ce, "Kaka, an tafasa ruwan?"

Tafasa! Ruwan rijiyar da aka yi mishi wankan farko! Bai ko kurɓa ba.

A hanya har yana gaya mini wai yanzu ya san kansa, hankalinsa kwance. Na ce madalla, mu ne dai ba mu gane ka ba.

Jibi zai koma jami'a, kuma Allah kaɗai Ya san ko tsohuwa za ta ga wani hutun nasa.

Ɗazu da za mu taso daga Kebbe, an ja hannun rigata an ce, "Ashe gaskiya suka faɗi." Mutane da yawa sun gaya mini zancen nan na ƙaryata su. Ta ƙarshe da ta faɗa mini, wadda ta ja rigar, Inna ce, ƙwarya cike a hannunta.