Wadda Za Ta Riƙe Tobiya a Jirgi

Lahadi, 2 ga Yuni, 1996

Barnabas ɗana ya aiko daga Ingila inda yake karatu: matarsa Judith za ta je masa hutu da jaririnsu Tobiya, kuma ya samu kujera guda ta mai riƙon yaro. Har na fara tunanin rigar sanyi. Bayan sujada Judith ta durƙusa ta ce, "Mama, da Mamana za mu tafi." Na ce Ubangiji ya kiyaye hanya. Me zan ce?

Lois ke nan, uwar Judith. Matar da ko Yola ba ta taɓa zuwa ba. Ni Dokas da na tsufa ina nuna wa 'yan firamare Ingila a taswira, ni ce zan tsare gida.

Laraba, 5 ga Yuni

Kishi nake yi. Na rubuta, tunda ba mai gani. A ɗakina yaron nan yake kwana tun da cibiyarsa ta faɗi. Ni nake kiransa mijina, kuma ni yake yi wa dariya.

Talata, 11 ga Yuni

Mun je ɗaukar hoton fasfo. Mai hoto ya ce dole yaro ya fito shi kaɗai, ido buɗe, ba kuka. Lois ta riƙe shi, ya tsala ihu har masu shago suka leƙo. Sai aka zaunar da ni, aka lulluɓe ni da farin ƙyalle tun daga kai, aka ɗora min shi a cinya. Ya yi tsit. Ina ƙarƙashin ƙyalle ina gumi ina murmushi.

Ba su ga abin da hannuna yake yi ba. Dunduniyarsa ta hagu nake murzawa da babban yatsa, a hankali. Da haka nake sa shi barci kullum. Ko uwarsa ba ta sani ba, kuma ba zan faɗa ba. Su je da shi mu gani.

Lahadi, 21 ga Yuli

Takardu sun fito. A taron zumuntar mata aka tsayar da Lois aka yi mata addu'a, har da guɗa. Na tafa daidai gwargwado.

Alhamis, 25 ga Yuli

Judith sai haɗa kaya: nafkin, fulas, garin kunu, hulunan ulu. Ta ce in duba mata abin da ta manta. Na ce mata ta tambayi matafiya. Ni kaina ban ji daɗin bakina ba.

An fara kai Tobiya unguwar Abbare wurin Lois da rana don ya saba da ita. Yana dawowa murya a dishe.

Litinin, 29 ga Yuli

Lois ta zo gidana a ƙasa, ta ƙetaro gadar Mayo Gwoi cikin yayyafi. Na ba ta kujera, ta zauna a tabarma. Ta ce, "Malama, ni tsoro yana kama ni. Ba jirgi ba. Yaron nan ba ya so na. In ya yi kuka a sama, ina zan fita da shi? Turawa za su ce wannan wace irin kaka ce."

Ta ce ta roƙi Judith a sa sunana a madadinta, aka ce takarda ba ta canzuwa.

Na daɗe ina jiran jin wannan magana. Da na ji ta kuma, ba ta yi min zaƙin da na zata ba. Na ce yaro ai sai haƙuri. Na bar ta ta tafi haka.

Laraba, 31 ga Yuli

Yau ya dawo ko kukan ba ya fita, sai ajiyar zuciya. Daga nan zuwa Kano a mota, sannan jirgi. Duk a haka?

Asabar, 3 ga Agusta

Sun tafi da safe.

Jiya na je Abbare. Barkono na kai musu, ba wani abu ba. Da na tarar Tobiya yana kuka a bayan Lois, sai na kama hannunta na kai shi kan dunduniyar. Na ce ba da ƙarfi ba, kamar mai murza gyaɗa. Hannunta kaushi ne da shi, hannun noma, amma ta iya. Ta yi min godiya, ta ce, "Useko, Malama," tana share ido da gefen zani. Na ce don yaron na yi.

A tasha yau ana ta hayaniya, shi kuwa yana bayanta yana barci, hannunta a ƙafarsa. Na ce, "Mijina, sai ka dawo." Bai ko motsa ba.

Haka ake so ai. Na dawo gida na ɗora ruwan wankansa a wuta kafin na tuna.