Yaya Habibu, Ruwa Ya Tafi da Ɗakinka

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ni ce ƙanwarka Rabi, autar Inna. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan yi zancen nan da shi sai kai.

Ka tuna damunar da ta biyo bayan babban farin nan na shekarun saba'in? Ka dawo hutu daga jami'a, inda kake karatun ƙasa da duwatsu. Ruwa na ɗaukewa ka ja ni bayan gidanmu na Gyadi-Gyadi, inda kwazazzabo ya fara cin hanya. Ka ɗebo laka a tafin hannu, ka ce duk abin da ruwa ya kankare a nan, can gangare zai je ya jibge shi. Ka ce haka duniya take: inda aka kwashe, ƙasa takan rage nauyi ta ɗago, inda aka jibge, sai ta lotsa, kwarin da ya tsage ya ƙara zurfi. Na yi dariya, na gaya wa Inna boko ya taɓa maka kai.

Ka roƙi Baba a jera duwatsu a gindin katanga. Ya ce a bari sai bayan girbi.

Da ka gama karatu aka tura ku aiki kwarin Binuwai. Wata Juma'a abokin aikinka, wani Bayarabe da iyayensa ke Tarauni, ya yi sallama a zaure, aka ba shi tabarma ya kasa zama. Ya ce kana ƙarƙashin gaɓar rafi kana saran dutse, ashe ruwa ya riga ya cinye gindinta, ta rufto maka. A can aka binne ka. Inna ba ta yi kuka a gabansa ba. Daga bayan ƙyaure ta tambaya, “An samu waɗanda suka yi masa sallah?”

Damuna na zagayowa katangar ta faɗi, ruwa ya tafi da ɗakinka. Baba ya daɗe tsaye a bakin ramin da ruwan ya bari. Washegari ya fara jido duwatsu shi kaɗai, ya hana kowa kama masa.

Yaya, yau ina da jikoki, amma har gobe saurayi nake ganin ka. Ban taɓa zuwa kabarinka ba. Ban ma sani ba ko rafin ya bar mana shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka duk inda yake, Ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna.

Taka har kullum,
Rabi