Sunan Da Na Kira A Cikin Shiru

Zuwa gare ka Kiyoharu, dutsen da nake jingina da shi, sanyin idona, furen tuffar da ya buɗe mini bayan doguwar ƙanƙara, mai faɗin bayan da ya taɓa tare mini iskar teku gaba ɗayanta,

Ni ce Chizuru. Kuma tun kafin in gaishe ka, bari in faɗa maka gaskiya: muryar da ka ji jiya a zauren kokawa tawa ce. Na san ka sani. Wa ya rage a duniya mai kiranka Kiyo, tun da mahaifiyarka ta rasu, in ba ni ba?

Ina zaune ne a kan benci a bakin kogin Sumida, rana ta ɗan ɗaga, gangar da ake bugawa a saman hasumiya tana sanar da mutane cewa yau ce ranar rufe gasa. Kowane bugu a ƙirjina yake sauka. Na kira wayarka har na ji kunyar kaina, ba ka ɗauka ba. Shi ya sa na koma ga takarda, zan kai ta hannun matar maigidanku na gidan kokawa, in roƙe ta ta miƙa maka kafin yamma. Wayyo masoyina, yaya gwiwar? Ka samu ka runtsa kuwa? An sa maka ƙanƙara a kanta, ko kana can a kicin kana yanka kabeji kamar babu abin da ya faru?

Ka tuna zuwanka gida na ƙarshe, lokacin da tuffa take ɗanya shar a gonar babana? Ka ce sai ka taya mu aiki, ka taka tsani ya karye tun a matakin farko, Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Sai ka koma ɗaukar akwatuna, ɗaya a kowace kafaɗa, kana wucewa ƙamshin man gashinka yana bin bayanka a tsakanin bishiyoyi. Ranar nan ji na yi duk duniya ba ta fi faɗin gonar nan ba, kuma ta ishe ni. Da muka zauna a kan gangaren da ke kallon teku ne ka ɓata mini ita. Ka ce, "Chizu, kin dai san dokarmu. Mu na ƙasa ba mu da aure, sai wanda ya haura sahun masu albashi. Gasar kaka ita ce ta ƙarshe gare ni. In na haura, in zo in durƙusa a gaban babanki. In na faɗi, a yanke gashin nan, ke kuma ki manta da ni. Ba zan kawo miki mutumin da ya kasa ba." Na ce maka kai wawa ne, ƙaton wawa mai nauyin buhun shinkafa uku. Ka yi murmushi ka ce, "Na ji. Amma kar ki zo kallo. In na san kina wurin, gwiwata sai ta tuna tana ciwo."

Na yi maka alkawari, kuma na riƙe shi har zuwa shekaranjiya. Kullum ina manne da waya a ɗakin tantance tuffa, ina bin sakamako. Ka ci uku, an ci ka uku. Saura karo ɗaya, kuma aka ce da mai albashi za a haɗa ka, wato ranar za a yi maka babban tukku irin na manya, a ba ka gishiri ka watsa don tsarkake fagen kamar yadda suke yi. Haba Kiyo! Tun kana ɗan shekara sha biyar kake wanke bayan wasu, kana dafa musu abinci, kana ɗaure musu ɗamara, don ka ga wannan rana. Ka ce in zauna a gida ina ware ruɓaɓɓiyar tuffa daga mai kyau? Wace zuciya ce za ta iya? Na ce wa Baba zan je duba ƙawata, ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗora mini kwalin tuffa a hannu. Na hau jirgin ƙasa.

Ban taɓa shiga zauren nan ba sai jiya. Tutoci masu launi suna kaɗawa a bakin ƙofa, ƙarar takalman katako ta cika titi, kowane ƙato ya wuce sai ƙamshin man gashi ya buge ni, in juya da sauri ina tsammanin kai ne. Na samu wuri a bene na sama, can inda na tabbata ba za ka hango ni ba. Daga nan da'irar kokawar kamar faranti take, ga wani rufi a rataye a samanta, sai na ce a raina, ashe a kan wannan ɗan wurin rayuwata take ajiye.

Kusa da ni wata tsohuwa ce, Iya Tomie, wadda ta ce tun tana goye ake kawo ta kallo. Ta tura mini tsire ta ce, "Ke 'yar nan, ci mana. Kaza ce, ƙafarta biyu. Nan ba a cin mai ƙafa huɗu, kar gwaninki ya dafa ƙasa. Wane ne naki?" Na ce Umitaka, sunan da suka laƙaba maka a gidan kokawa, wanda har yau baƙo ne a bakina. Ta ce, "Au, mai gwiwar nan? Yaron kirki, sai dai taurin kai. To in ya fito ki buɗe murya ki kira shi son ranki. Amma da zarar sun sunkuya, ki haɗiye harshenki. Numfashin juna suke saurare, a kansa suke tashi."

Ka ga, an faɗa mini. Ba zan ce ban sani ba.

Sai ga ka. Wayyo ni, hasken raina! Da na san haka tukkun nan zai zauna a kanka, a baje kamar ganyen kaka, yana sheƙi a ƙarƙashin fitilu, da tuni na daina yi maka tsiya a kan gashi. Ka ɗebi gishiri ka watsa, ya tashi fari fat ya zubo kamar ƙanƙarar farko a garinmu. Na kira Umitaka tare da jama'a har muryata ta dushe. Na ji alfahari ya cika ni har ya yi mini ciwo. Na so in kama kowa a benen nan in ce, nawa ne, tsanin babana ya karya!

Alƙalin wasa ya juya maficinsa. Kuka sunkuya. Zauren nan mai ɗauke da dubban mutane ya yi tsit, har ina jin Iya Tomie tana haɗiyar yawu. Abokin karawarka ya ajiye dunƙulensa a ƙasa. Kai ma ka fara saukar da naka. A nan ne na ga abin da ba wanda ya san shi kamar ni: gwiwar hagun nan, cikin farin bandejinta, tana karkarwa kamar ranar da ka kasa hawa matakalar gidanmu ka ce wai takalmi ne ya matse ka. Na ga ƙaton da ke gabanka, na ga inda kansa zai sauka. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Bakina ne kawai ya buɗe.

"Kiyo!"

Ka ɗago kai. Ɗan kaɗan ne, amma ka ɗago. Shi ya zabura, kai ba ka tashi ba, alƙali ya shiga tsakani ya tsayar da ku. Na ga ka juya ka sunkuyar da kai ga dattawa masu baƙaƙen riguna da ke zaune a gefe suna sa ido kan hukunci, ka sunkuyar ga abokin karawarka, kana ba da haƙuri a kan laifin da ni na yi. Duk benen ya juyo kaina. Wani dattijo a bayana ya ce, "Wace marar tarbiyya ce wannan? Kasuwar kifi kika zo?" Iya Tomie ta waiga ta ce, "Kai tsoho, rufe mana baki, kai ba a taɓa sonka ba ne?" Amma hannuna da ta riƙe, ta matse shi har ya yi ja, kuma ba ta sake duban fuskata ba.

Kuka sake sunkuyawa. Na cusa tawul a bakina na cije. Ƙarar haɗuwarku ta iso har sama. Ka samu ɗamararsa, ka tura shi, ka tura shi, har diddigensa ya hau igiyar bambaron da ta kewaye da'irar, zauren ya ɗauki ihu. Sai ya murɗa, kuka tafi ƙasa tare. Alƙali ya nuna ɓangarenka da mafici! Kiyo, na yi aure a cikin wannan ɗan lokacin. Na ga kaina cikin fararen kaya, na ga Baba yana share hawaye yana cewa hayaƙi ne. Kafin in gama gani, ɗaya daga cikin dattawan nan masu baƙaƙen riguna ya ɗaga hannu. Suka hau da'irar, suka haɗa kawuna, suna nuna ƙasa da yatsa. Da suka sauka, babbansu ya sanar cewa gwiwarka ce ta riga taɓa ƙasa. Ta hagun.

Ka tsaya a wurinka, ka sunkuya, ka sauka. Fuskarka ba ta ce komai ba. Na san haka aka koya muku, mai ci ba ya dariya, wanda aka ci ba ya kuka, amma jiya na tsani wannan tarbiyya. Da ka harari benen nan, da ka nuna ni da yatsa, da ka yi tsaki ma, da na samu abin riƙewa. Ka bi hanyar fita kana ƙoƙarin ɓoye ɗingishi, bayanka duk ƙasa, tukkun da aka yi maka na rana ɗaya ya karkace gefe. Ba ka waiga ba.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke cin raina. Tashin farko, wanda na ɓata, shi ne naka? Shi ne wanda ka tara wa numfashinka tun kana yaro? Da na yi shiru, da yanzu kana cikin masu albashi? Iya Tomie ta ce ba wanda zai iya sani, ko dattawan nan biyar. Ni ma ban sani ba, kuma rashin sanin ya fi mini zafi a kan a ce mini ƙarara ni ce.

Akwai kuma wadda ta fi wannan muni, zan faɗa maka ita don ban iya ɓoye maka komai ba. Da aka juya hukuncin, a ƙarƙashin kukan da nake yi, wani ɗan lungu na zuciyata ya sauke ajiyar numfashi. Ya ce, shi ke nan, ba wanda zai sake dukan gwiwar nan. Na ji kunyar wannan lungun, na zage shi, amma bai fasa ba. Ina son ka haura, na rantse ina so. Sai dai na fi son ka iya hawa gangaren gonarmu da ƙafarka in mun tsufa. In wannan cin amana ne, to na ci, kuma so ne ya sa ni.

Amma kai ma ka saurare ni, ƙaton wawana, ruwan sanyin da nake sha a tsakiyar girbi. Wa ya ce maka albashinka nake jira? Wa ya ce maka tukku nake so in aura? Yaron da ya goya ni ya tsallaka da ni rafi ranar da ruwa ya cinye gada, tun ba shi da suna biyu, shi na bi da ido har yau. Kai ka yanke wa kanka hukuncin cewa wanda ya faɗi bai cancanci mace ba, ba ka tambaye ni ba. In ka so ka yi fushi da ni a kan ihun jiya, ka yi shekara ba ka yi mini magana ba, na yarda, haƙƙinka ne. Amma kar ka ce in manta da kai don gwiwarka ta riga tasa taɓa ƙasa. Teku ta fi ƙarfin a ce mata ta daina zuwa gaɓa, ni ma haka.

Iya Tomie ta gaya mini wani abu da muke saukowa. Ta ce manyan da suka yi suna, in za su bar kokawa, a kan da'ira ake yanke musu gashi, inda ƙafar mace ba ta takawa. Irinku kuwa, a zauren walimar rufe gasa ake yi, kuma can ba a hana mace riƙe almakashi. Na san yau da yamma ne naka. Ka ga abin da faɗuwar ta bar mana: wuri ɗaya tak da zan iya tsayawa a bayanka a gaban kowa. Ina roƙonka ka bar ni in yanki ko sili ɗaya. In kuma ka fasa, ka ce za ka sake gwadawa da wannan gwiwar, zan koma gida in jira, kuma ƙafata ba za ta ƙara taka zauren nan ba.

Zan zo da yamma. Za ka same ni a bakin ƙofar zauren walimar, daga waje, rungume da kwalin tuffar Baba. Ba zan shiga ba, ba zan aika a kira ka ba, ba zan ɗaga hannu ba. Ko ka wuce ta gabana har rigarka ta shafe ni, bakina a rufe yake. Na kira sunanka a lokacin da bai kamata ba, saura kai. In har akwai sauran wurina a ranka, ka kira nawa, ko a tsakiyar jawabin maigidanku ne, ko zauren ya yi tsit. Ni ba abin da zai ɓata mini.

Taka jiya, taka yau, taka ko da tukku ko babu,

Chizuru