Milimita Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, in ban da Babanki da ke neman sa mini hawan jini.

Kin san tun da aka yi masa aikin ido, wata takwas ke nan bai taɓa zarto ba, masu kawo masa aiki duk sun watse. Yanzu likita ya ce ya koma, shi ne ya ce tunda tsara zane ne aikina, in yi masa katin sana'a, mutane su san kafinta ya dawo. Na yi murna, wallahi. Ban san abin da na ɗebo wa kaina ba.

Yaya, abin da bai kai tafin hannu ba Baba yake so in zuba wa tarihinsa kaf: suna, lambar waya biyu, shekara arba'in a sana'a, gado, kujera, ƙofa, har da hoton teburin da ya ƙera kafin a haife ni. Na ce kati ba zai ɗauka ba, ya ce in matsa rubutun zuwa baki, ga fili nan ina ta ɓarnarsa. Na yi bayani har bakina ya bushe: katuna da yawa ake bugawa a babbar takarda ɗaya, sannan wuƙar inji ta yanka, kuma wuƙa takan ɗan kauce. Shi ya sa launi ke zarce layin yanka da milimita uku, rubutu kuwa ya ja baya da uku. Sai da na ce masa kamar rarar da yake bari ne a katako kafin ya goge, sannan ya gyaɗa kai. Duk da haka sau shida muna sauyawa.

Abin da ya sanyaya mini rai ɗaya ne. Ya tambaye ni girman katin, ina sauri na ce kamar katin banki. Ashe nasa ya ciro ya auna, ya shiga shago kwana uku yana ƙera ɗan akwatin da zai zuba su a kan tebur. Aikinsa na farko ke nan da sabon ido. Ki ga yadda yake shafa shi!

Gobe zan kai wa madaba'a, in huta. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, da fatan kun wuni lafiya. Ki yi haƙuri, gaisuwata gajera ce yau, raina a ɓace yake.

Katunan sun fito, guda ɗari biyu, tsaf da su. Na kai wa Baba shago, ya goge hannu a riga, ya ɗebi kaɗan zai sa a akwatin. Suka ƙi shiga. Ya juya su, suka ƙi. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gwadawa, sai gefe ɗaya ya shiga, ɗayan ya tsaya cirko-cirko a kan baki. Bai yi faɗa ba, Yaya, da ma faɗan ya yi. Ajiye su kawai ya yi, ya ce na gode.

Da yamma Mama ta nuna mini makullin akwatin kayan aikinsa a hannunta. Wai ya ce ta adana, kafintan da ya kasa auna abin da bai fi gidan ashana ba, bai kamata a ba shi katakon mutane ba. Na ce ya auna katin mana mu gani, ya ce da wane idon? Kwana biyu ke nan yana zaune a ƙofar shago hannu a cinya. Wani ya zo da kujera mai karyayyar ƙafa, ya tura shi gaba.

Na tabbata laifin mai yankan nan ne na madaba'a, mutumin da ke aiki yana hira a waya. Gobe da sassafe zan je, sai ya san ya taɓa 'yar kafinta.

Ki sa mu a addu'a.

Auta

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki yi mini dariya.

Na je madaba'ar da zafina, na zazzage wa mai yanka ta cikina a gaban mutane. Bawan Allah ya nufi kwamfutarsa. Ya buɗe zanen da na aiko, ya juyo mini da kwamfutar: tsawo milimita tamanin da tara, faɗi hamsin da ɗaya. Abin da na ba shi ya yanka, ko gashi bai kauce ba. Girma biyu ne suka fi yawo, Yaya, kuma na sani sarai: akwai wannan, akwai tamanin da biyar da hamsin da biyar, wanda ya yi kusa da katin banki. Na faɗa wa Baba ɗaya, na ɗauko shiryayyen tsarin ɗayan a intanet ban ko duba ba. Ni da na cika masa kunne da milimita uku, na kwafsa da huɗu. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi ci mini rai, kwana biyu na yi ina ɓoyewa. Ina kallon tsoho yana zargin idonsa, girman kai ya riƙe mini baki. Jiya na kasa daurewa. Na same shi a ƙofar shago, na roƙi katin bankinsa na sa a akwatin, ya zame ya kwanta daram. Sannan na miƙa masa katina da ma'auninsa, ban faɗi lamba ba. Ya karɓa. Ya ɗora ma'aunin a kan katin, ya sunkuya, da bakinsa ya karanto tamanin da tara. Waɗannan ƙananan layukan da ni ma sai na ƙanƙance ido, ya gan su. Nan na fashe da kuka, na faɗa masa komai.

Na ce zan gyara a sake bugawa, ya ƙi. Wai aikin 'yarsa ba za a zubar ba, katako ne zai bi kati. Ya ƙwala wa Mama kira ta kawo makulli. Tsohon akwatin kuma ya ce in ajiye a kan teburina na ofis, in riƙa ganinsa kafin in aika aiki. Ya kuma sa ni komawa in ba mai yanka haƙuri, a gaban mutanen dai.

Yanzu duk wanda ya leƙo shago sai ya ji labarin milimita huɗu, har mai kujerar nan da ya sa aka kirawo masa. Haushi kamar ya kashe ni. Ina rubuta miki wannan ƙarar zartonsa ta cika gidan, ko tunanina ba na ji, kuma ban ce ya rage ba.

Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Auta