Shaidar da Na Yi wa Kléber

Zuwa ga ƙanwata Zoila, a Genoa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mijinki da yara. Allah ya ƙara sauƙin bayan nan naki. Mu nan Guayaquil lafiya lau, sai zafi da ƙafafuna da kika sani. Jikana Rosendo ya samu aiki a tashar jirgin ruwa, matarsa ta kusa sauka. Maƙwabciyata Narcisa mai ɗinki ce ke rubuta min, za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki, don sau biyu ina ɗaukar waya bakina ya ƙi buɗuwa.

Zoila, na yi abin kunya. Kin tuna Kléber, ɗan hayan nan na ɗakin baya? In ya sha, sai ya ɗora tukunya a kan gas ya bingire da barci. Sau biyu hayaƙi na turnuƙe gidan, na biyun har bango ya ci, kin kuwa san gidan gora ba ya jiran a ɗebo ruwa. Da na ce ya tashi, dariya ya yi, ya kira ni tsohuwar kaza, wai sai dai a fitar da ni kafin shi, kuma ashana ba ta masa wuyar samu.

Ran nan sai ga shi da fara'a, har da kirana Mama, wai ya samu ɗaki can kudancin gari amma mai gidan na son takardar shaida daga wurina. Na ce Narcisa ta rubuta mutumin kirki ne, ba ya sha. Ta ajiye biro ta ce ita telar kaya ce, ba telar ƙarya ba. Na yi ta roƙonta har ta rubuta, na dangwala yatsa. Ni dai ya tafi.

To, mai gidan, Doña Hermelinda, ba ta tsaya nan ba. Ta zo da kanta da dunƙulen ayaba mai zafi a kwano, wai takarda ba ta da ido, so take ta ji daga bakin tsohuwa irinta. Gidanta na katako ne, mijinta yana sama a kwance, rabin jikinsa ya shanye. A gaban hoton Budurwa Maryamu ta tambaye ni, na ce ta kwantar da hankalinta. Har abincinta na ci, Zoila. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ni na shafa wa nawa na miƙa mata wutar.

Da na kai wa Fada laifina a coci, ya ce gafara ba ta kashe gobara, in je in faɗa mata. Na je har layinsu, na hango Kléber zaune a ƙofa, ya ɗago min hannu, ƙafafuna suka juyo da ni gida.

Don Allah ke ki kira ta, lambarta na ƙasan takardar nan. Kina nesa, hannunsa ba ya kai ki. Ki ce ta raba shi da gas, ta sauko da mijinta ƙasa yau yau. Kada ki ce ni na aiko ki.

Ki gaida mijinki Aníbal, da 'yarki Maritza da ɗan jaririnta.

Narcisa ta ƙi rufe biro, kallona kawai take yi. To, na ji. Ki ce wa Doña Hermelinda ni ce, Targelia ce ta yi mata ƙarya.

Taki yayarki,
Targelia